Daɓen Da Ya Ƙi Shan Ruwa

Jama'a, yau ba ni da doguwar gaisuwa. Da yatsa ɗaya nake danna muku wannan, sauran sun kumbura. Masu turo mini saƙo suna cewa "Hindatu ki yi haƙuri, Lurwanu zai dawo," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ku karanta wannan tukuna, sannan in kun iya ku sake ba ni haƙurin.

Ga wanda bai san mu ba: shekara uku ke nan da dangin Lurwanu suka kawo gaisuwa gidanmu a Tamaske, shekara biyu da rabi kuma yana Abijan yana tallan takalma a bakin titi. Baliz ɗin aurena, wato akwatin lefe, ta iso tun bara, tana kan kabad ɗin Innarmu an lulluɓe ta da tsohon zane, har kyankyasai sun saba da ita. Sau biyu ana sa rana, sau biyu yana ɗagawa, kuma dalilinsa ɗaya ne. Wai shi ba zai ajiye ni a kan yagaggiyar leda ba, sai ya sa wa ɗakin karo, wato tayil. Ranar da ya fara faɗin haka daɗi ya kusa kashe ni, na saurari bokal ɗin, wato saƙon muryar, ya fi sau goma. Ban san da wannan maganar Baba zai kama shi ba.

Da ruwa ya ɗauke aka fara girbi, Baba ya kira ni gindin rumbu, yana gyaran jinkarsa.

"Hindatu, ni ban iya riƙon ɗiya da baliz shekara da shekaru. Ya ce karo. To, mun ji. Ran da anka ƙare zuba hatsi cikin rumbun ga, in ɗaki ya ƙare, na san da gaske shike. In bai ƙare ba, a maida musu kayansu, kowa shi kama gaba nai."

Innarmu tana tankaɗe a gefe, ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Mukhtar na Keita dai sau biyu shina aikowa. Mutum ga aiki nai na likita, ga ɗaki nai a shirye."

Na yi kamar ban ji ba. Ni ba Mukhtar nake ƙi ba, mutumin kirki ne. Lurwanu nake so, kuma ban san yadda ake daina wannan ba.

Abin haushin, karon ya riga ya iso. Katan-katan ne jibge a zauren gidansu, fari mai ratsin toka, ni na zaɓe shi da kaina a hoto aka kawo daga Tawa. Abin da ya rage kawai a shimfiɗa. Sai Lurwanu ya turo mini wani bidiyo da Maso Mati ya ɗauka. Maso Mati dattijon magini ne, dangin Innarmu na nesa, shi ke sa karo a unguwarmu, shekara ashirin ya yi yana wannan aiki a Abijan kafin ya dawo gida. A bidiyon ya ɗaga ledar ɗakin, tana ɓallewa guntu-guntu, yana nuna ƙasa da tsinke.

"Lurwanu, diba da kyau. Wagga kol ta, irin ta masu gyaran takalmi. Ƙarƙashinta jan fenti. Can kusurwa kuma baƙin mai na. Karo bai kamawa bisa wanga, ko wa ya sa shi. Sai an kankare duka har a iske hwarin siminti."

Ashe yayan Lurwanu ne ya manna ledar lokacin nasa auren, ya zuba kol, wato gam, kamar ba da kuɗi ya saya ba, sannan ya kwashi matarsa suka tafi Kamaru. Baƙin man kuwa aikin mahaifiyarsu ne, Inna Furera. Kowace damina sai ta roƙo man mota da aka juye ta bi kusurwa-kusurwa tana zubawa saboda gara. Gara kam ba ta shiga ba, shekara tara mai yana nutsewa.

Na rubuta masa: "Yanzu ya za a yi?"

Ya ce, da sunan soyayyar da yake kirana: "Sheri kar ki damu. Akwai injin gurza a Tawa, zan sa a kawo."

Kwana shida, shiru. Da na tambaya ya ce injin sai da kuran, wato lantarki, gidansu kuma babu. Na ce a nemi 'yan aikin hannu. Ya ce to. Wa za a samu? Duk namijin da bai tafi cin rani ba yana gona yana yankan hatsi. Maso Mati kuwa bayansa ba ya barinsa durƙuso mai tsawo, ya ce shimfiɗa zai yi, ba kankara ba. Gidan babu kowa sai Inna Furera da gwiwoyinta masu ciwo da awakinta uku.

Kun san abin da na yi, ko? Kun sani, tun da kun san ni.

Yarinyar da aka kai wa baliz ba ta taka gidan surukai. Ko layinsu ba ta bi, in aike ya kama sai ta zagaya ta bayan masallaci. Wadda ta kuskura ta shiga kafin a kai ta, kalma uku ce za ta bi ta har kabari: ta kai kanta. Akwai wata a unguwarmu, 'ya'yanta huɗu yanzu, in mata suna kwatancenta har yau haka suke cewa. Duk na san wannan. Na ce wa Innarmu zan koma koyon ɗinki da hantsi, na zura dogon hijabina ruwan ƙasa, na sa tsohon zane a jaka, na bi ta bayan gari na ɗaga dangar karan da ke wajen turken awaki na shiga.

Inna Furera tana sheƙar wake, faifan ya kusa faɗuwa daga hannunta.

"Subhanallahi! Ɗiyata, mi ya kawo ki nan? In anka gane ki hwa?"

Na durƙusa har ƙasa, kaina a sunkuye. "Inna, ɗaki na zo gani."

"Gani kawai?"

Na ƙanƙame jakar a jikina. Ta dube ni, ta dubi jakar, ta dubi zauren da karon yake. Sai ta tashi da kyar ta je ta sa wa ƙofar gida sakata, ta dawo ta miƙo mini tsohuwar wuƙa marar ƙota.

Wannan ne karo na farko da na ga ɗakin da aka ce nawa ne. Taga ɗaya mai kallon gabas, bango shuɗi ya koɗe, ƙusa uku a jere inda matar yayansa ta taɓa rataye madubi. Na tsaya ina raba wuri a zuciyata, gado nan, kabad can, kwanonina a wancan gefen. Sannan na dubi ƙasa. Kol ɗin ya yi rawaya-rawaya da baƙi, wani wuri ya bushe ƙamas, wani wuri yana kama takalmi, ga gashin bayan leda manne a jikinsa. Na ɗaura tsohon zanen na durƙusa.

Kwana biyu ina kankara da wuƙa, abin da na share bai kai tabarmar salla ba. Na gwada ruwan zafi, ya ɗan saki, ya huce ya sake kamawa. Rana ta uku Inna Furera ta leƙo ta ce marigayi maigidanta in kwalta ta ɓata masa hannu da isansi, wato fetur, yake wankewa. Kashegari na biya wajen masu sayarwa a kwalba na sayi biyu, na ce na mashin ɗin Baba ne.

Wayyo jama'a, ku ga aiki! Ina zubawa kol ɗin ya narke, na bi da tsumma, sai ga ƙasa sumul tana ƙyalli. Kafin azahar na gama rabin ɗaki. Kaina yana juyawa saboda warin, amma ina ta murmushi ni kaɗai. Na ɗauki hoto na tura masa ba tare da na ce ni na yi ba. Ya turo zuciya ja guda uku, ya ce: "Wa ya yi wannan aikin?" Na ce: "Wata mai sonka." Ya turo dariya. Bai sake tambaya ba, ni kuma a lokacin ban lura da cewa bai sake tambaya ba.

Ina cikin share sauran sai na ji sallamar namiji a tsakar gida. Kafin in ja hijabi, Maso Mati yana bakin ƙofa. Ya shaƙi iska sau ɗaya ya juya da ihu.

"Hurera! Kashe garwashin can! Kashe shi yanzu! So kuke ku tashi gidan ga da mutane ciki?"

Ashe murhun shayinta yana nan jikin bango, taku huɗu daga ƙofar. Ta watsa wa garwashin ruwan buta. Ya buɗe tagar, ya sa ni na fito na zauna a inuwa har jirin ya sake ni. Ina jiran ya ce mi ɗiyar Zakariya'u take yi a nan, bai ce ba. Ya karɓi butar ya shiga, ya kira ni.

"Taho ki gani."

Ya ɗiga ruwa a inda na fi alfahari da shi. Ruwan ya dunƙule ƙwallo-ƙwallo yana gangarawa, kamar a bayan agwagwa.

"Kin gani? Bai sha ba. Siminti baki gare shi, Hindu. In bai sha ruwa ba, bai riƙon karo. Da kol ɗin tana bisa, wuƙa na iya kai gare ta. Yanzu kin narkar da ita, kin tura ta cikin ramunan siminti. In na shimhiɗa bisa wanga, wata ukku za ki ji shina ƙwanƙwas-ƙwanƙwas ƙarƙashin ƙahwarki, wata shidda shi tashi."

Na ce, "Kawu, ai ya yi sumul."

"Sumul ɗin shi na ciwon. Karo kaushi shika so."

Hawaye suka zubo mini, na haushi, ba na komai ba. Kwana huɗu na ɓata, na kuma ƙara wa kaina aiki da kuɗina. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya buɗe buhunsa ya ajiye mini faffaɗan ƙarfen kankara, da kurfi, da ƙaramar guduma.

"Ni ban gane ki nan ba, ban kuma san kin zo ba. Amma in za ki yi, yi shi daidai. Busasshe za ki kankare, ban da isansi, ban da kananzir. In kin kai ga fenti, zuba rairai ki gurza da dutsi har jan shi ɓace. Inda baƙin mai yake, sassare shi da kurhi, ki cire hwatar duka. Ki jiƙa mayahi ki ɗaure hanci, ƙurar ga ba ta da kirki. In kin ƙare ki wanke da omo, ki bari shi bushe, ki kira ni."

Dutse dai ba a nemansa a ƙasarmu, ko'ina ka taka shi ne. Inna Furera ta ba ni ɗan dutsen niƙanta na da, ta ce ya fi kama hannu. Haka na koma niƙa ƙasan ɗaki. In zuba yashi, in danna da hannu biyu, in tura, in jawo, sai jan fenti ya koma gari, in share, in matsa gaba taki ɗaya. Wurin da na zuba isansi ya fi ko'ina taurin kai, yashin yana dunƙulewa ya zama baƙin danƙo, sai na kwashe na sake zuba sabo. Kusurwoyi kuwa guduma ce, ƙwas, ƙwas, ƙwas, Inna Furera tana daka a turmin da babu komai ciki don kada maƙwabta su bambance ƙarar.

Farcena biyu suka fita. Tafin hannuna ya yi baƙi ya tsattsage, na kwaɓa lalle na ƙunsa don ya ɓoye. Innarmu ta kama hannun tana juyawa.

"Wane irin ɗumki na wanga mai cin hannu haka? Buhu kuke ɗumkawa?"

Na ce almakashin ne ba shi da kaifi. Ta sake ni, amma ta daɗe tana kallona.

Kullum in na fito da hantsi sai na yi karo da amalanken jaki ɗauke da dammunan hatsi. Da la'asar in na dawo sai na saci kallon rumbunmu in ga inda ya kai. Rabi. Ya wuce rabi. Baba ya fara hawa tsani kafin ya jefa dami. Ni kuma a can na ci kashi biyu cikin uku, saura wajen taga da kusurwa biyu.

Shi kuwa gogan, saƙonsa sai ƙara gajarta yake. Da bokal ne mai minti biyar, yana ba ni labarin ruwan Abijan da wanda ya taya takalmi ya gudu. Ya koma layi ɗaya. Na rubuta masa: "Baba ya kusa cika rumbu." Ya gani, bai amsa ba sai washegari: "Ina cikin wani tsari sheri. Ki sa ni a addu'a." Na ce wane tsari? Shiru. Na ce a raina tsarin dawowa ne, yana so ya ba ni mamaki. Kun ga irin wautar da so ke sa mutum, shi da kansa yake ƙera wa kansa ƙaryar da zai sha.

Kwana ukun ƙarshe Inna Furera ta canza. Fura take dama mini da nono mai yawa, ta kawo har ƙofar ɗaki ta tsaya.

"Ɗiyata, bari haka nan. Ya isa. Huta."

"Saura kaɗan, Inna."

Sai ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, ta rufe, ta koma wajen turminta. Na ɗauka tausayin hannuna take ji.

Shekaranjiya na cire fatar kusurwar ƙarshe. Na wanke da omo sau biyu, na ɗauraye, na bar taga a buɗe. Yau da hantsi na shiga na same shi ya bushe, fari-fari, da kaushi, ko'ina sawun dutse da kurfi. Ba shi da kyaun gani ko kaɗan, amma wallahi ban taɓa son wani abu da na yi da hannuna kamar wannan ƙasan ba. Kwana goma sha shida.

Ina tsaye sai na ji muryar Maso Mati a zaure, da ƙarar amalanke a waje. Na ce Allah ya kawo shi, ban ma aika ba. Na leƙa na ce, "Kawu, taho da buta!"

Ya zo a hankali. Ya tsaya yana kallon ɗakin daga bango zuwa bango, ya tsuguna da kyar ya shafa da tafinsa. Ya ɗiga ruwa a tsakiya. Ruwan ya baje, wurin ya yi duhu, ya shige. Ya ɗiga a wajen taga, ya shige. Ya je kusurwar baƙin mai, wadda ta ci farcena, ya ɗiga. Ta shanye.

Na yi tsalle kamar ƙaramar yarinya. "Ya sha, Kawu! Ya sha!"

"Ya sha," ya ce. "Ko a Abijan ban ga wanda ya gyara ƙasa haka da hannu ba."

Amma bai dube ni ba, butar yake kallo. A zaure kuma ina jin ana jan katan, ana ɗagawa, ana direwa a kan katako. Na ce, "Kawu, ka ce musu nan za su shigo da shi, ba waje ba."

"Ba nan za shi ba, Hindu."

Ya ajiye butar. Ya ce kwana huɗu da suka wuce Lurwanu ya kira shi, ba daga Abijan ba, daga Agadas. An kore su daga bakin titin da suke talla, kayansa sun tafi, ya yanke shawarar wucewa Libiya. Ya ce a sayar da karon a tura masa na hanya, wani mai gini a Keita ya saya. In ya samu, bayan shekara ɗaya ko biyu, zai sayi wanda ya fi shi.

"Ya ce shi za ya hwaɗa miki da kai nai. Na ɗauka ya hwaɗi."

Na juya. Inna Furera tana jingine da ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafinta.

"Inna, kin sani?"

"Na kasa, ɗiyata. Kullum in na taho in hwaɗa miki, sai in iske ki durƙushe kina gurza. Na kasa."

Ban yi kuka ba, kukan ma ya ƙi zuwa. Na ɗauki hijabina na zura a bai-bai. Na manta da dangar awaki, na manta da komai, na bi ta zaure na ratsa ta gefen masu lodi na fita ta ƙofar gida, rana tsaka, da tsohon zane mai jan fenti a jikina. Mata biyar ne a bakin famfo. Babu wadda ta gaishe ni, babu wadda ta ɗauke ido.

Ina tafe waya ta yi motsi. Bokal ne daga Lurwanu, minti huɗu da daƙiƙa goma sha ɗaya. Har yanzu ban buɗe ba. Na san muryar da zai yi amfani da ita, kuma na san in na ji ta zan ce na yafe.

Na bi doguwar hanya, amma labari ya bi gajera. Na tarar da Baba ya sauko daga tsani, an ɗora wa rumbu murfi, yana karkaɗe ƙaiƙayi daga rigarsa. Innarmu tana tsaye bakin madafa, idonta ja.

Baba bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Hindatu, tambaya guda za ni yi miki. Shi ya sa ki, ko uwa tai ta kira ki, ko ke kika kai kanki?"

Na gane abin da yake miƙo mini. In na ce su ne, laifi ya koma gidansu, Baba ya je ya yi faɗa, gari ya ce an yaudari yarinya. Innarmu tana yi mini alama da ido, ki ce su ne, ki ce su ne. Sai na tuna tsohuwar nan tana daka turmin da babu komai don ta rufa mini asiri.

Na ce, "Ni na kai kaina, Baba."

Innarmu ta zauna a ƙasa inda take. Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon ƙafafuna masu farar ƙura.

"To. Tunda kin san hanya, ban aiken kowa. Ke za ki ɗauki baliz ɗin ki maida musu. Ba ta bayan gari ba, ta bakin hwamho."

Ga ta nan an sauke ta a bakin ƙofa. Innarmu ta naɗa mini gammo ta ɗora a kai, ta shige ɗaki ta ja labule. Baba ya ce in an sauko daga la'asar, kuma yanzu ladan ya fara gyaran murya.